Mantuwar Tsufa Daban, Gigin Tsufa Daban

Babu gidan da ba a san wannan ba. Tsohuwa za ta kira jikanta, sai ta bi sunayen 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, har da na wanda ya shekara goma a Ikko, kafin ta faɗa kan sunan da take nema. Dattijo ya ta da gida da neman hularsa, alhali kuwa tana bisa kansa. Yara su yi dariya, manya su dubi juna, wani ya ce a ransa, "Baba ya fara rikicewa." An shirya wannan ƙasida ne domin a bayyana wa jama'a cewa galibin irin wannan mantuwa ba cuta ba ce, amma akwai wata wadda cuta ce sosai. Rashin bambanta su yana jawo hasara ta fuska biyu, watau a raina mai lafiya, a kuma yi sakaci da majinyaci.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba. Daga wajen shekara 40 takan fara raguwa sannu a hankali, raguwar kuma takan ƙaru bayan shekara 70. Sassan da abin ya fi taɓawa su ne na gaba, bayan goshi, inda ake tsara aiki da tattara hankali, da kuma wani ɗan sashe can ciki daura da kunne, wanda aikinsa shi ne ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Saƙonni kuma sukan rage gudu a cikin jijiyoyi. Saboda haka abin da ke fara sauyawa shi ne hanzari. Dattijo zai yi lissafin kuɗin buhu goma sha biyu daidai, sai dai ɗansa ya riga shi gamawa. Yin abu biyu a lokaci guda, kamar sauraron rediyo ana kuma yi masa magana, yakan yi masa nauyi. Sabon abu, irin su lambar asirin katin banki ko yadda ake sarrafa sabuwar waya, sai an maimaita masa kafin ya zauna.

Amma mai karatu ya lura da abin da ba ya tafiya. Sanin kalmomi da ma'anoninsu ba ya raguwa da wuri, hasali ma yakan ci gaba da ƙaruwa har mutum ya haura shekara 60. Tsohon tela bai manta da yanka riga ba, tsohuwar ungozoma hannunta bai manta da aikinsa ba, manomi ya san iyakar gonakin unguwarsu tun daga zamanin kakansa. Karatun da aka haddace tun ƙuruciya yana nan daram. Ba banza ba ne ake neman dattawa idan rikicin gado ko na aure ya taso, domin auna magana da sanin halin mutane suna cikin abubuwan da shekaru ba su cika ɓatawa ba.

A fannin harshe, babbar ƙorafin tsofaffi ita ce kalma ta zo bakin harshe ta maƙale. Mutum ya san ta, wani lokaci har ya san harafin da ta fara da shi, amma ta ƙi fitowa sai can bayan an tashi daga hira. Sunayen mutane da na garuruwa sun fi yin haka, dalili kuwa shi ne ba su da madadi. Wanda ya rasa "akushi" zai ce "mazubi" ya wuce, amma wanda ya rasa sunan surukinsa ba shi da wata kalma da zai aza a gurbinsa. Sa'an nan ga ji. Kunnen tsufa yakan fara rasa siraran sautuka irin su "s" da "f", musamman cikin hayaniyar biki ko kasuwa. Sau da yawa dattijon da aka ce ya manta da saƙo bai ma ji shi ba tun farko, abin da bai shiga ba kuwa ba a cewa ya ɓace.

Gigin tsufa wani abu ne daban. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana cutar da yau ake kira da sunansa, wadda ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu gigin tsufa sun haura miliyan 55 a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasu wannan cuta ce ke damunsu. Toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yake faruwa a shanyewar ɓarin jiki, shi ma yana haddasa shi. A ƙasarmu, binciken da likitocin Jami'ar Ibadan suka fara a 1992 tare da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka ya nuna cewa cutar tana nan a tsakanin tsofaffin Ibadan, ko da yake ba ta kai yawan da aka samu a tsakanin baƙaƙen fatar wancan birni ba. Mafi yawan tsofaffin da aka duba a wuraren biyu ba su da ita.

Ga yadda za a gane bambancin. Mai mantuwar tsufa ya manta inda ya ajiye mabuɗi, mai gigi ya riƙe mabuɗin bai san amfaninsa ba. Na farko idan an tuna masa sai ya ce, "Af, haka ne." Na biyu kuwa ya yi tambaya ɗaya sau biyar cikin sa'a guda, ya ɓata a kan hanyar da ya shekara talatin yana bi, ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu ya wanke hannu, ko ya riƙa zargin iyalinsa da sata. Abin takaici ne a ce har yanzu a wasu wurare tsohuwar da ta fita cikin dare tana sambatu sai a jefe ta da maita. Wannan zalunci ne, majinyaciya ce da ke bukatar a kai ta gida.

Kada kuma a ce tun da tsufa ne babu abin yi. Rikicewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, galibi alamar wata cuta ce a jiki, kamar zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko hawa da saukar sukari, ko maganin da bai karɓi mutum ba, kuma tana bukatar asibiti a ranar. Ƙarancin sinadarin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, da baƙin cikin da ke biyo bayan rasuwar abokin zama, duk suna kama da gigi, kuma ana maganinsu. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna ƙara haɗarin cutar, don haka kula da su tun ana shekara 40 ajiya ce ta gaba. Tafiya a ƙasa, da zama cikin mutane, da gyara ji da gani, duk suna taimakawa.

Wanda ya ga alamun da aka ambata ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, daga nan za a tura shi gaba idan da bukata, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, ko asibitin koyarwa na jiharsa. A tafi tare da wanda ke zaune da majinyacin, wanda zai iya faɗin lokacin da abin ya fara, a kuma riƙo duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, likita ya gan su da idonsa.