Ɓawon Itace da Sassaƙe

Ɓawo shi ne rigar bishiya. Idan ya bushe yana ɓanɓarewa da kansa, sunansa ɓamɓaroki. Wanda kuwa aka saro da gatari don magani shi ake kira sassaƙe. In aka zuba shi a ruwa ya kwana, ya zama jiƙo.

Sassaƙen maɗaci ya fi kowanne suna. Ana jiƙa shi don ciwon ciki da zazzaɓi, kuma duk wanda kakarsa ta taɓa ɗura masa ba ya manta ɗacinsa. Ni dai ban manta ba. Ɓawon kuka da na kalgo igiya ake yi da su, a ɗaure itace ko dami.

Amma akwai matsala. Malamin kimiyya ya koya mana cewa abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. Idan aka sassaƙe bishiya aka kewaye ta gaba ɗaya, an datse hanyar ke nan, saiwa ta rasa abinci, bishiyar ta bushe a tsaye. Kuka ce kan jure, don ɓawonta yana sake tofowa.

Masu maganin gargajiya sukan ce a sassaƙo gabas da yamma kawai. A ganina wannan dabara ce, domin kudu da arewa sun tsira. Maɗacin da ke hanyarmu ta zuwa makaranta an kewaye shi bara, bana ko ganye ɗaya bai fitar ba.