Kama ƙananan kifaye da ɗan cokali da siririn zare

Masunta a tafkunan Amurka suna kama bulugil da kirafi, wasu ƙananan kifaye, da ɗan ƙarfe mai sheƙi kamar bakin cokali, ƙugiya a gindinsa. In za ka gwada, nemi mai nauyin giram 1 zuwa 2, ka ɗaura shi a zaren da ke ɗaukar kilo 1 ko 2. Zare mai kauri yana hana cokalin rawa, ga shi kifi na hango shi a ruwa garau.

Jefa cokalin kusa da ciyawa ko itacen da ya nutse, ka bar shi ya sauka a hankali yana wulƙawa. Nan ne akasarin cizon yake, don haka idonka na kan zaren. Da ya ɗan motsa ko ya tsaya kafin cokalin ya kai ƙasa, ɗaga sandar kamun kifin da wuyan hannu kawai. Kada ka fizga, don Allah. Leɓen kirafi ba shi da kauri, yagewa yake yi.

Bayan kifi biyu ko uku, shafa zaren kusa da ƙulli. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗaurawa.