Zawon Ƴan Awaki da Damina Ba Kambun Baka Ba Ne

Duk shekara, da zarar damina ta kankama aka ɗaure bisashe a turke don gudun ɓarna a gonaki, sai mata daga Maijirgi, Urafan, Kanembakashe da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi su zo wurin likitan dabbobi da ƙara iri ɗaya, cewa ƴan awakinsu suna zawo, suna rama, gashinsu ya tashi, alhali uwayen lafiya lau. Kafin likita ya buɗe baki an riga an yanke hukunci: ko kambun bakin maƙwabciya ne, ko kuwa dakashin uwar ne ya ɓaci. Hujjarsu kullum ita ce sun duba kashin ba su ga tsutsa ba.

To, wannan hujja ɓatacciya ce, domin tsutsar da ake kira Strongyloides siririya ce tamkar zare, tsawonta bai kai santimita 1 ba, tana lafe a cikin ƙaramin hanji, ƙwayayenta kuwa sai da madubin likita ake ganinsu a kashi. Ƴaƴanta suna ƙyanƙyashewa a danshin turke inda fitsari da kashi suka cakuɗe, su huda fata ta tsakanin kofato, su bi jini har huhu, shi ya sa wani lokaci ake jin tari kafin zawon ya bayyana. Wasu kuma ta nonon uwa suke shiga, amma wanda ya hana jariri dakashi saboda haka ya zalunce shi, gama garkuwar jikinsa a cikin dakashin take.

Babban abin da ke ƙona mini rai shi ne tupaye. Mutum zai sayi wannan kafso a faifan mai talla ranar kasuwa, ya fasa, ya dama da ruwa, ya ɗura wa dabba, yana ganin ya sauke nauyi. Wallahi tupaye ba ya kashe tsutsa, ko an ba da ɗaya ko an ba da goma. Ƙwayoyin cuta na daban aka yi shi dominsu, kuma yawan bayar da shi barkatai yana dakushe ƙarfinsa har ranar da ake bukatarsa da gaske. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, wadda da kuɗinta mace take yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ba ta cancanci a riƙa gwajin magani a kanta ba, kuma dabbar da ke ɗaure amana ce a wuyan mai ita.

Maganin da ke aiki shi ne ibamektin ko albendazol ko lebamizol, daga hannun ma'aikacin kiwo, gwargwadon nauyin dabba, a haɗa uwa da ɗa. Sai dai kada a ba akuya albendazol a watan farko na cikinta, domin yana iya nakasa ɗan tayi. Mai zawo a ci gaba da ba shi ruwa da nono. A riƙa gusar da turke zuwa tudu, a kwashe taki a kai gona, a zuba busasshen rairayi, domin in an bar danshin nan, cikin mako 2 sabuwar tsutsa ta isa yin ƙwai a cikin ɗan akuya.