Ciwon Ɓarin Kai da Cututtukan da Ke Tayar da Shi

Gabatarwa

Ciwon kai larura ce da kusan babu gidan da bai san ta ba a Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu, tun daga Getso da Kutama har zuwa Garo. Sai dai ba kowane ciwon kai ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ake kira ciwon ɓarin kai, wanda galibi yakan kama gefe guda, ya riƙa sara tamkar bugun zuciya, ya zo da tashin zuciya ko amai, har mai shi ya kasa jure haske da ƙara. Idan ba a magance shi ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi, kuma mata sun ninka maza wajen sau uku. Wannan maƙala za ta duba larurorin jiki da ke tayar da shi, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Yadda ciwon yake tashi

Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kuma sau da yawa gadonsa ake yi. Akwai wata babbar jijiya mai ɗauko saƙon jin zafi daga fuska da kuma tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A jikin mai wannan ciwo jijiyar tana da saurin harzuƙa. Da ta harzuƙa sai ta saki wasu sinadarai, musamman wanda masana ke kira CGRP, su buɗa hanyoyin jini, su ƙara kaifin zafin. Gano wannan ne ya kai ga samar da sababbin magunguna masu toshe aikin sinadarin, waɗanda aka fara amincewa da su a Amurka a 2018.

Mai karatu zai iya kwatanta lamarin da madatsar ruwa irin ta Guzu-Guzu da ke ƙasar Kabo. Madatsa ba ta ambaliya saboda rafi guda, sai rafuka sun taru sun cika ta. Haka nan kowace larura da za a ambata a ƙasa rafi ce da ke ƙara wa jijiyar nauyi, har ranar da ɗan ƙaramin dalili, kamar rashin barcin dare ɗaya, zai sa ta batse.

Larurorin da ke cika madatsar

Na farko shi ne sauyin sinadaran jikin mace. Kwana ɗaya ko biyu kafin zuwan haila, sinadarin istirojin yakan sauka ƙasa farat ɗaya, kuma wannan saukar ce ke tayar da ciwon ga mata da yawa. Saboda haka ne akasarinsu kan sami sauƙi daga wata na huɗu na goyon ciki, sa'annan ciwon ya dawo bayan haihuwa.

Na biyu ƙarancin jini, wanda bincike ya nuna yana yawan haɗuwa da ciwon ɓarin kai, musamman ga mata. Hanyoyinsa a karkara sanannu ne: haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro da damina, tsutsar ciki, da tsargiya ga masu noman rani da yaran da ke wanka a bakin madatsai. Masu cutar sikila ma sun fi sauran jama'a yawan ciwon kai.

Na uku matsalar barci. Mutum mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, yakan farka da kai a ɗaure domin iskar da jini ke ɗauka ta ragu cikin dare. Na huɗu raunin aikin ƙullun nan na gaban wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo. Alamunsa su ne kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili. Na biyar damuwa da fargaba masu daɗewa, waɗanda ke tayar da ciwon, shi kuma ya ƙara rura su.

Sai kuma ƙishirwa da saukar sukarin jini. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yakan haura digiri 40, kuma a 2023 da 2024 azumin Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu. Wanda ya saba da goro ko shayi mai kauri yakan sami ciwon kai a kwanakin farko na azumi saboda yankewar sinadarin kafeyin. Jinkirta sahur, da yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, da rage goro sannu a hankali tun cikin Sha'aban, suna taimakawa ƙwarai.

Idan magani ya zama cuta

Abin da ya fi yawa shi ne mutum ya nufi kemis ya sayi ƙwaya duk lokacin da kai ya sara. Likitoci sun tabbatar cewa shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko shan mai haɗe da kafeyin ko tiramadol kwana 10 a wata, har tsawon fiye da wata uku, yana mayar da ciwon na kusan kullum. A nan an rufe bakin ciwon ne kurum, alhali larurar da ke ƙarƙashinsa tana nan tana cin jiki.

Alamun da ba a jira da su

Wani ciwon kan ba na ɓarin kai ba ne, saƙon babbar cuta ne. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman da bazara, alamar sanƙarau ce, cutar da ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a annobar 1996. Mai ciki da ta wuce wata biyar, ta ji sabon ciwon kai tare da kumburin fuska ko dishi-dishin gani, tana buƙatar awon hawan jini a ranar, domin gudun jijjiga. Haka nan ciwon da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko ya fara bayan shekara 50. Macen da ke ganin walƙiya ko zane-zanen haske kafin ciwon ya tashi, lalle ta shaida wa ma'aikacin lafiya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Kammalawa

Ya kamata mai wannan ciwo ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da abin da ya ci, da barcin da ya samu, da ƙwayar da ya sha, mace kuma ta haɗa da kwanakin hailarta. Bayan wata biyu sai ya kai littafin Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, ya nemi awon jini da na hawan jini. Idan ciwon ya gagara, akwai likitocin jijiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba a iya sauya abin da aka gada, amma yawancin larurorin da ke tayar da shi suna jin magani idan aka gano su da wuri.