Kafin Ka Goge Manhajojin Da Suka Zo Da Wayarka

Sana'ata gyaran waya ce a Kano, kuma ɓangaren manhaja na fi riƙewa: filashin (sake ɗora wa waya tsarinta), buɗe wayar da ta kulle, tayar da wadda ta ƙi tashi. A cikin wayoyin da ake kawo mini akwai wani kaso da ba faɗuwa suka yi ba, ba ruwa suka sha ba, ba kuma caja ce ta ƙona su ba. Masu su ne suka yi musu rutin, wato suka karɓi cikakken iko a kansu, suka shiga cikin tsarin wayar suna goge manhajojin da kamfani ya saka, har hannu ya kai ga wadda ba a taɓawa. Domin su nake wannan rubutu, da kuma waɗanda ke shirin bin sahunsu.

Ba na ganin laifin wanda ya gaji da waɗannan manhajoji. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi sabuwar waya, yana buɗe kwali ya tarar an riga an cika ta da wasanni, da burauza biyu, da wata kasuwar manhajoji bayan ta Google, da wata mai cewa za ta share masa datti alhali aikinta jefo talla. Ya danna ya riƙe don ya cire, babu wurin cirewa. Ga shan data, ga zuƙe batir, ga sanarwa dare da rana. Dalilin zuwansu ba ɓoyayye ba ne. Ribar waya mai araha ba ta da yawa, shi ya sa kamfanoni ke ƙulla yarjejeniya da masu manhajoji, a biya su su saka tun daga masana'anta.

Abin ma ya wuce talla. A 2019 masu bincike na cibiyar IMDEA Networks da ke Madrid sun duba manhajojin da suka zo a cikin wayoyi sama da 1,700 na kamfanoni fiye da 200, suka gano da yawansu na da izinin kaiwa ga bayanan mai waya, kuma suna ɗauke da kayan talla da na bibiya. A 2020 kuma masu tsaron intanet na Secure-D sun ba da rahoton samun mugayen manhajojin Triada da xHelper a cikin wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu, suna ƙoƙarin yi wa mutane rajistar abubuwan da ake cire kuɗi ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce matsalar ta shigo ta hannun wani mai kawo masa kaya, kuma ya fitar da gyara. Koriya ta Kudu tun 2014 ta umarci kamfanoni su bar mutane su iya cire manhajojin da ba dole ba, Sin ma ta tsaurara irin wannan doka a farkon 2023. Saboda haka mai son tsaftace wayarsa yana da hujja. Inda muke rabuwa da shi ita ce hanya.

Gogewa ba ta ƙara maka wuri

Goma na zuwa, tara za su ce mini memori ne ya cika shi ya sa suka goge. To a nan ne asarar farko take. Ma'ajiyar wayar Android a rarrabe take. Akwai sashen da tsarin wayar da manhajojin kamfani ke zaune, akwai kuma sashenka, inda hotunanka da bidiyo da saƙonnin WhatsApp suke. Kamar ɗan haya ne da ya fasa sitom ɗin mai gida ya kwashe kayan ciki: sitom ya zama fayau, amma ɗakinsa bai ƙaru da taku ɗaya ba. Ko manhajoji talatin ka goge daga sashen tsarin, wurin da suka bari yana can a kulle, hoto ɗaya ba zai shiga ba.

Abin da ke cin wurinka shi ne sabuntawar da manhajar ta sauko da ita daga baya, da tarkacen da take tarawa, domin su a sashenka suke sauka. Waɗannan kuwa ba sa bukatar rutin. Ka shiga saitin, ka buɗe jerin manhajoji, ka cire sabuntawar, ka share bayananta, sannan ka kashe ta. Manhajar da aka kashe ba ta tashi, ba ta shan data, ba ta taɓa batir, ba ta fitowa a fuskar waya. Duk amfanin da kake nema a wajen gogewa ka same shi, kuma ranar da ka bukace ta dannawa ɗaya ce.

Sannan zamani ya sauya. A wayoyin da, da rutin da manhajar duba fayiloli kawai mutum zai shiga ya goge abin da ya ga dama. Tun daga Android 7 a 2016 aka tsaurara binciken da waya ke yi wa kanta lokacin tashi, idan ta ga an taɓa tsarinta sai ta ƙi. Yawancin wayoyin da suka fito da Android 10 na 2019 zuwa sama kuwa, sashen tsarin a rufe yake, ana karantawa ba a rubutawa. Wanda ya bi tsohon bidiyo ya tilasta wa sabuwar waya, shi ne ke tashi da waya a tsaye.

Suna ba ya nuna aiki

Wani ɗalibi ya taɓa ajiye mini wayarsa. Tana kawo tambarin kamfani, ta ɗauke, ta sake kawowa, bayanta ya yi zafi.

Na ce, “Ƙanena, me ka yi mata?”

Ya ce, “Wallahi Oga ba wani abu, 'yan tarkace ne na cire.”

“Guda nawa?”

“Za su kai arba'in. Wani jeri na samu aka ce duk babu matsala.”

“Ka ajiye kwafi kafin ka fara?”

Ya yi shiru.

Da ya nuna mini jerin a wayar abokinsa, na ga na wata waya ce daban, ta wani kamfani daban. Ya goge su duka a zama ɗaya, bai sake kunna wayar a tsakani ba, don haka babu yadda za a san wacce ce ta jawo. Da mun sami fayil ɗin filashin da ya yi daidai da wanda ke kanta, da sashen tsarin kaɗai za mu mayar, kayansa su tsira. Wanda aka samu bai yi daidai ba, sai da aka wanke komai. Wayar ta tashi, amma rubuce-rubucen karatunsa da hotunan bikin yayarsa sun tafi. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Manhajojin tsarin waya a sarƙe suke da juna, kuma sunan da kake gani ba lallai ya faɗa maka aikinsu ba. Ga waɗanda nake roƙon kowa ya nisanta:

System UI, ita ce ke zana maka agogo da sanarwa da maɓallan ƙasa. Idan ta tafi, sikirin baƙi za ka gani.

Manhajar kira da ta sabis ɗin layi. Idan aka cire su babu kira, ko *310# ba za ta shiga ba.

Manhajar saƙo. Ta nan alat na banki da lambar tabbatarwa ke shigowa.

Google Play Services. Sanarwar manhajoji da yawa, da taswira, da shiga akawun duk a kanta suka rataya.

Android System WebView. Manhajoji masu yawa da ita suke buɗe shafi a cikinsu, idan babu ita sai su riƙa rufe kansu.

Package Installer da Download Manager. Idan ka cire su ka toshe hanyar da za ka bi ka dawo da abin da ka goge.

Kibod da manhajar fuskar waya ta asali. Na ga wanda ya cire kibod na kamfani, ya kashe waya ya kunna, ta nemi fasuwod mai haruffa, babu abin da zai rubuta da shi.

Kuɗin da rutin ke ci

Rutin shi ne karɓar cikakken iko a kan wayar, ikon da kamfani ya riƙe wa kansa. Kafin a kai gare shi a yawancin wayoyi sai an buɗe makullin butloda, wato manhajar da ke tayar da wayar, wannan kuma yana wanke duk abin da ke cikin wayar. Kamfanoni da yawa na janye garanti. A wayoyin Samsung akwai alamar Knox wadda idan ta tsinke ba ta komawa ko an sake filashin, kuma abubuwa irin su Secure Folder sun tafi ke nan. Sabuntawar tsaro da ke zuwa ta intanet takan ƙi hawa wayar da aka taɓa tsarinta.

Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne banki. Google na da tsarin Play Integrity da manhajoji ke tambaya ko an taɓa waya, kuma manhajojin kuɗi da dama na ƙin buɗewa idan amsar ba ta yi musu ba. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta zo mini hankali a tashe. Ɗanta ne ya yi wa wayar rutin don ya rage mata talla, washegari manhajar bankinta ta ƙi buɗewa, ga masu saye sun ce sun tura kuɗi ba ta da hanyar dubawa. Ta ce, “Malam, ni tallar ba ta hana ni ciniki ba, wannan ce ta hana ni.” Bankin bai yi kuskure ba. Wayar da aka yi wa rutin, duk muguwar manhajar da ta sami izini za ta iya leƙa abin da sauran ke ɓoyewa. Shi ya sa nake cewa wayar da kake karɓar kuɗi da ita kada ka yi mata rutin. Haka nan ka guji manhajojin da ke alƙawarin rutin da dannawa ɗaya, domin ba ka san wanda kake miƙa wa ikon wayarka ba.

Idan ka riga ka yi rutin

Na farko, kwafi. Ka kwashe hotuna da lambobi da takardu zuwa kwamfuta ko katin memori. Ka nemo fayil ɗin filashin na ainihin samfurin wayarka, ka duba lambarsa ta yi daidai da wadda ke cikin saitin, ka ajiye kafin ka taɓa komai. Ka kwafe sashen da lambar IMEI ke ciki, wanda ake kira EFS a Samsung, NVRAM kuma a wayoyi masu injin MediaTek. Wanda ya shiga SP Flash Tool ya zaɓi wanke komai ba tare da wannan kwafin ba, wayarsa za ta tashi amma layi ba zai kawo sabis ba.

Na biyu, ka daskarar, kada ka goge. Manhajoji irin su Titanium Backup a tsofaffin wayoyi da makamantanta a sababbi na ba ka damar daskarar da manhaja ko da saitin ya hana kashe ta. Ɗaya bayan ɗaya, ko biyu in sun yi yawa. Ka rubuta sunan kowacce a takarda. Ka kashe wayar ka kunna, ka gwada kira, saƙo, kyamara, bulutut, data, da banki. Ka ba ta 'yan kwanaki kafin ka ƙara wata.

Na uku, idan lallai sai ta ɓace, ka bi ta Magisk. Wannan manhaja da John Wu ya fitar a 2016 ba ta taɓa ainihin sashen tsarin, rufi take ɗorawa a kai, ta ɓoye manhajar da ba ka so. Idan abu ya ɓaci, cire rufin kawai za a yi komai ya dawo.

Na huɗu, kada ka yi aiki da jerin da ba na samfurin wayarka ba. Duk sunan da ba ka gane ba, ka bincika aikinsa. Idan ba ka samu ba, ka bar shi.

Idan ba ka yi ba tukuna

Ba ka bukatar rutin don wannan aiki. Ka fara da kashewa ta saitin. Wadda ta ƙi kashuwa, ka janye mata izinin lambobi da wuri da makirfo, ka hana ta data a ɓoye, ka rufe sanarwarta. Idan hakan bai ishe ka ba, akwai ADB, kayan aikin da Google da kansa ke bayarwa kyauta. Za ka danna Build number sau bakwai a cikin saitin, ka kunna USB debugging, ka haɗa wayar da kwamfuta, ka ba da umarnin pm uninstall -k --user 0 tare da sunan manhajar. Za ta fita daga idonka da aikin wayar, amma asalinta na nan a sashen tsarin, kuma umarnin cmd package install-existing na dawo da ita. Ba a buɗe butloda ba, ba a wanke komai ba. Amma ko a nan waɗancan da na lissafa haramun ne a taɓa su. Idan ka gama, ka kashe USB debugging.

Ga abokan sana'ata kuma, na Farm Centre da sauran kasuwanni: idan kwastoma ya ce a yi masa rutin, mu tambaye shi me yake nema. Sau da yawa talla ce ta dame shi ko memori, kuma minti goma a cikin saitin zai magance masa. Mu faɗa masa abin da zai rasa kafin mu jona kebul, mu kwafe masa kayansa, mu ajiye IMEI ɗinsa. Waya yanzu ita ce shagon mutum da bankinsa da littafin bashinsa, amana ce yake miƙo mana.

Mai waya, kana da haƙƙin ka ƙi abin da aka cusa maka ba da yardarka ba. Ka ƙi shi ta hanyar da za ka iya dawowa idan ka yi kuskure: kwafi tukuna, sannan kashewa, sannan daskarewa, gogewa kuwa sai ka san sunan abin da aikinsa kuma fayil ɗin filashin na hannunka. Wanda ka san yana shirin yi wa wayarsa rutin, ka isar masa da wannan kafin ya fara. Allah ya tsare mana dukiyarmu.