Yadda ake haɗa launi a fentin mai

Fara da karanta gwangwani. A Diffa kaya ta hanya biyu suke shigo mana, na Damagaram da rubutun Faransanci, na Maiduguri da Turancin Ingilishi. In ka ga glycéro ko gloss, fentin mai ne, shi ke karɓar kolora ta mai, wato launin da ake zuba wa fenti. In ka ga emulsion, na ruwa ne, ko kwana ka yi kana juyawa ba zai haɗu da kolora ta mai ba. Wani mai shagon zai ce maka duk ɗaya ne. Kar ka saye. Ɗiga koloran a murfin kwalba mai ruwa. In ta dunƙule, ta mai ce.

Zaɓen launi kuma rana ce ke yanke hukunci. Ƙofar ƙarfe da ke cin zafin Afrilu da Mayu, sama da digiri 40, ruwan ƙasa, jan ƙasa da baƙi ne ke jure mata, don daga tsatsar ƙarfe ake yin su, ban da wani baƙin na gawayi. Ja mai haske da ruwan ɗorawa masu arha kuwa saurin koɗewa suke yi. Ka kuma cire rai da samun jan tattasan bakin Komadugu daga farin fenti. Ruwan hoda za ka samu, komai yawan abin da ka zuba. Sayi ja haɗaɗɗe ka huta.

Ga inda ake ɓarna. Kar ka juye kolora kai tsaye cikin babban gwangwani. Juya ta tukuna har ƙasa, don mai nauyin kwanciya yake yi. Ɗebi fenti rabin kofi, ka auna kolora da sirinji, ka dama su har gudaji ya ƙare, sannan ka riƙa zuba wannan haɗin a babban gwangwani kaɗan-kaɗan, kana kankare gindi da gefe da sanda mai faɗi. Rubuta adadin da ya shiga. Baƙi da shuɗi ƙarfi gare su, ɗigo-ɗigo ake bin su. Kar kolora ta wuce kashi 5 cikin 100 na fentin sai in gwangwanin ya ba da dama. In ta yi yawa fentin ya ƙi bushewa, ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa.

Kafin ka taɓa ƙofa, shafa a guntun kwano. Da ya fara kamawa, murza gefe ɗaya da yatsa. In wurin da ka murza ya fi sauran duhu, launin bai gama shiga ba, koma juyi. Bar shi ya kwana, ka duba a waje da safe, ba a ƙarƙashin fitila ba.

In aikin zai ci gwangwani uku, haɗe su a bokiti ɗaya tun farko.

Tsinkawa da diluwan ake yi. Man fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin titi yana kashe ƙyalli, ga haɗarin gobara. Ban yarda da shi ba ko kyauta ne. Sabon siminti a ba shi kamar wata guda, bangon da ambaliya ta jiƙa kuma sai ya bushe sarai, in ba haka ba fentin zai ɓare. Buɗe tagogi, a kori yara, don wasu launukan rawaya na ɗauke da dalma. Tsummokaran da suka sha mai a jiƙa su da ruwa kafin a zubar.