Ƙirƙirarriyar Basira: Idan Ta Yi Kuskure, Wa Za a Kama?

Darasin ƙungiyar 'yan jarida na wannan makon a kan ƙirƙirarriyar basira ne, wadda aka fi sani da AI. Ba sai mun je Amurka za mu gan ta ba, tana cikin wayoyin yayyenmu da iyayenmu a nan Jega da Aliero da Maiyama.

Mece ce ita?

Manhaja ce ta kwamfuta da aka ɗura wa rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu yawan gaske, har ta koyi kwaikwayon yadda mutum yake magana. Kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022. A shekarar 2024 kuma Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya. Idan ka tambaye ta, ba tunani take yi irin namu ba. Hasashe take yi na kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa takan ba da amsa daidai, takan kuma shirya ƙarya tsaf ba tare da kunya ba. Sannan rubutun Hausa a intanet bai kai na Turanci yawa ba, don haka kuskurenta ya fi yawa a kan harshenmu da garuruwanmu.

Tana da amfani sosai. Takan bayyana lissafin da ya shige mana duhu, takan fassara wasiƙa, takan taimaki makaho ta karanta masa rubutu. Amma akwai abu ɗaya da ba ta iya yi, wato ɗaukar alhaki.

An san Aliero da masu ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya. Mai ɗori yana da suna, yana da gida, an san wanda ya koya masa. Idan ya ɗaura ƙafa ba daidai ba, an san ƙofar da za a buga. To idan manomin albasa ya tambayi AI maganin da zai fesa, ta faɗa masa ba daidai ba, gonar ta ƙone, ƙofar wa zai buga? Ita ba ta da gida, ba ta jin zafin asara. Saboda haka nauyin yana kan kamfanin da ya ƙera ta, da kuma mu da muke amfani da ita. Ga wurare uku da nauyin ya hau kanmu.

Na ɗaya: aikin gida

Idan malam ya ba mu insha'i muka sa AI ta rubuta, muka sa sunanmu a sama, mun yaudari malam, mun kuma cuci kanmu. Ranar jarrabawar BECE ba a shiga da waya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babu laifi mu ce ta yi mana bayani, amma mu rufe wayar mu rubuta da kanmu. Idan ta taimaka mana, mu gaya wa malam.

Na biyu: labarin ƙarya

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaya wayoyi a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa suka kwanta asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Wannan fa rubutu ne kawai da kiran waya. Yanzu AI tana iya haɗa murya da fuskar mutum ta sa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A watan Maris na 2022 an yaɗa bidiyon bogi na shugaban Yukren, Zelensky, wai yana cewa sojojinsa su ajiye makamai.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma yanzu ganin ma sai an bincika. Mu ɗauka an tura murya irin ta wani babban mutum cewa kada kowa ya je kasuwar Jega. Mai tumatir da mai kifi da direba duk za su yi asara a banza. Wanda ya tura wa mutum goma ba zai ce ba ruwansa ba.

Na uku: sirrin mutane

Kada mu ɗauki hoton 'yar ajinmu mu sa AI ta canza shi don a yi dariya. Wasa ne a wurinmu, amma yana iya sa a cire ta daga makaranta. Kada kuma mu rubuta wa AI lambar NIN ko ta asusun bankin iyayenmu. A watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta tanadi a nemi yardar iyaye a kan bayanan yara. Tun kafin nan, a Nuwamba 2021, ƙasashe 193 na hukumar UNESCO sun amince da ƙa'idojin amfani da AI. Daga cikinsu akwai cewa ba za a ɗora wa na'ura alhaki ba, dole ya koma kan ɗan'adam.

Ba cewa muke a guje ta ba. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, wataƙila wasu daga cikinmu ne za su je can su koya wa AI Hausa mai kyau. Amma wanda ya saba kwafe aikin gida ba zai kai can ba.

Aikin mako

1. Ku tambayi AI sunayen ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Maiyama, sannan ku tambayi wani dattijo ko direba. Wa ya fi daidai?
2. Waɗanne abubuwa uku za ku yi kafin ku tura bidiyon da ya tayar muku da hankali?
3. Idan AI ta ba manomi gurguwar shawara, laifin wa ya fi yawa, kuma me ya sa?

Ku miƙa amsoshinku ga 'yan ƙungiya. Za mu manna uku da suka fi kyau a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya yarda.